Tagar Kwana Talatin

Ranar Laraba da safe allon da ke ƙofar laburaren, inda ake rubuta yawan masu zuwa, ya ce 318. Ranar Alhamis da safe ya ce 141. Kafin azahar an garƙama wa ƙofar kwado, kafin la'asar kuwa unguwar ta gama yanke hukunci cewa Goggo ce.

Ni aka turo daga hedikwata. Aikina shi ne rubuta tambayoyi ga rumbun bayanan laburarorinmu: mutum nawa suka zo, yaushe, sau nawa. A ofis Bi-Sawu suke ce mini, wasu don yabo, mafi yawa don haushi, saboda idan lamba ta yi mini wari ba na ƙyale ta sai na ga inda ta kwana. Darakta ya kira ni ya miƙo mini rahoton da aka riga aka buga tsaf, wurin sa hannuna kawai aka bari.

"Magana a fili take," in ji shi. "Doka ta ce duk reshen da masu zuwansa suka gaza ɗari uku a kwana talatin, a rufe shi. Tsohuwar nan ta daɗe tana cusa katunan bogi don ta haye ɗari ukun. Ta ji za mu zo ƙidaya ranar Litinin, ta tsorata, ta share su. Da kalmar sirrinta aka shiga. Je ki leƙa, ki sa hannu, ki dawo."

"In na leƙa na ga ba haka ba fa, ranka ya daɗe?"

"Haka za ki gani."

Na ninke takardar na jefa a jaka. Abin da bai sani ba, ni kuma ban ga dalilin gaya masa ba, shi ne a layin laburaren nan aka haife ni. Matar da yake kira tsohuwar nan ita ta koya mini buɗe littafi ba tare da na karya masa baya ba. Ba mu haɗa jini ba, duk unguwar ce ke ce mata Goggo, shekararta ashirin da shida tana riƙe da wurin. Idan lambar ta tsaya a haka har ƙarfe huɗu na ranar Litinin, za a rufe laburaren, ita kuma a sallame ta da sunan maƙaryaciya.

* * *

Na tarar da mutane cirko-cirko a bakin ƙofa. Wani mai kanti na cewa dama shi ya daɗe yana mamakin yadda ɗan ɗakin nan ke ɗaukar mutum ɗari uku. Wata mata da na san Goggo ce ta koya wa 'ya'yanta huɗu karatu tana taɓe baki, wai mutum ba a shaidarsa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ratsa su ban gaishe da kowa ba, su ma suka san ba mantuwa na yi ba.

Maigadi ya shigar da ni ta ƙaramar ƙofar gefe. Ciki tsit, kujeru a kife kan tebura, in ban da wani dattijo da ke zaune a bakin taga da tabarau a karan hanci, yana ɗinke bayan wani littafi da ya yage. Zaren da yake ja a naɗe yake jikin wani ɗan abu mai faɗi.

"Ba an ce a rufe ba?" na tambaya a hankali.

"Baba Tela ke nan," in ji Maigadi. "Bakwai da rabi muke shigowa tare ta nan, tun kafin in kunna fitila. Ke je ki hana shi, ni ina da iyali." Ya rage murya. "'Yata, ki fahimtar da ni. Wata bai ƙare ba, ta yaya lambar wata za ta faɗi?"

"Ba wata ake ƙirgawa ba, Baba. Ka ɗauka igiyar shanya ce mai cin kaya talatin cif. Kullum da safe ka rataya na yau a wannan bakin, ka sauke mafi daɗewa a wancan bakin. Mu taga muke ce mata, tagar kwana talatin. Abin da na tambayi rumbun shi ne mutum nawa ne suka buga kati a cikin kwanakin da ke kan igiyar. Kawuna nake ƙirgawa. Wanda ya zo sau ashirin mutum ɗaya ne, wanda ya zo sau ɗaya ma mutum ɗaya ne."

"To na gane."

"Ranar da aka sauke daga igiyar yau, mutum talatin da tara ne suka zo. Ko da dukansu sun yi rantsuwa ba za su sake takowa nan ba, talatin da tara za a rasa. An rasa ɗari da saba'in da bakwai. Hannu ne ya taɓa."

A nan kaɗai ni da Darakta muka yi tarayya. Na shiga ƙaramin ofishin da ke bayan gilashi, na zauna gaban kwamfuta, na sake tambayar rumbun ta wata fuskar: bar batun mutane, sau nawa aka buga kati a kwana talatin ɗin? Dubu biyu da sittin da huɗu. Na duba taƙaitawar da ake aika mana hedikwata kullum. Kusan haka take tun ranar Laraba, ba abin da ya tafi. Sawu bai ragu ba, ƙafafun ne suka ragu.

Ashe ba share komai aka yi ba. Akwai wani maɓalli da muka tanada don wanda ya ɓatar da kati aka ba shi sabo, a haɗe tsohon da sabon su zama mutum ɗaya. Wani ya zauna ranar Laraba daga sha biyu zuwa biyu na rana, ya kwashi katunan mutum ɗari da saba'in da bakwai ya ɗura su cikin katuna goma sha biyu. Na ɗaga kibod don in gyara zama, sai ga kalmar sirrin Goggo manne a ƙasansa, da haruffa manya-manya kamar na allon yara. Na yi tsaki. Duk wanda ya taɓa goge teburin nan ya san ta.

* * *

Goggo na can tsakanin kantocin littattafai da tsumma a hannu, kamar ba ita ake yi da ita a waje ba. Sai da na yi sallama sau biyu, na matso dab da ita, sannan fuskarta ta saki.

"Kunnen Ƙashi! Ke suka turo ki ɗaure ni?"

"Ni ce, Goggo. Ina kike ranar Laraba daga sha biyu zuwa biyu?"

"Inda na ga dama."

"Goggo, don Allah."

"Shekara ashirin da shida ban taɓa ƙara ko ɗigo a allon nan ba. Ranar da aka yi ruwa mutum uku suka zo, uku na aika. Yanzu kuma in tsaya in rantse wa mutumin da bai san ta ina ƙofarmu take kallo ba? Su rufe. Amma ba da bakina ba."

Na tsaya ina kallonta. Littafin da take gogewa a juye ta mayar da shi, ita da ke iya hango littafin da aka ajiye ba daidai ba daga bakin ƙofa. Na tuna manyan haruffan nan, na tuna sallamata biyu. A aljihun rigarta kuma ga kan wata 'yar kwalbar maganin ɗigawa ya leƙo.

"Asibitin ido kika je," na ce.

Ta ajiye tsumman. "In kika faɗa, na fita daga zargin ƙarya na faɗa na makanta. Washegari za su ce makauniya ba ta riƙe laburare. Ina ganin abin da nake bukata, sauran kuma ƙafata ta haddace. Ki yi mini alkawari."

Hujja ɗaya tak da za ta wanke ta cikin minti biyu, ita ce ta ɗaure mini baki a kanta. Na ji kamar in fashe da kuka, na ji kamar in girgiza ta. Na yi mata alkawarin.

* * *

Ranar Juma'a na jira Mataimaki, na biyun Goggo a reshen. Wata bakwai ke nan da aka turo shi daga sashen rajista na hedikwata. Maigadi ya ce kada in wahalar da kaina kafin goma, wai agogon mutumin daga goma yake farawa. Goma da kwata ya shigo, riga a jiƙe da gumi, takalma sun yi futu-futu.

"Ki yi haƙuri, Malama, mota biyu nake hawa." Ya jawo mini kujera, ya kawo ruwa, mutum mai ladabi har ya so ya yi yawa. "Wallahi abin Goggo ya dame ni. Ni ban ce ita ce ba."

"Kai ina kake lokacin?"

"Na fita cin abinci, daga nan na tsaya wurin aski. Amma akwai abin da ban so in faɗa ba." Ya waiwaya. "Ranar Laraba Mai Gyara ya zo duba na'urar buga kati. Da idona na gan shi a ofis ya soka wani abu a jikin kwamfuta, yana ganina ya zare ya sa a aljihu."

Maigadi ya tabbatar. Mai Gyara ya zo sha ɗaya saura, ya shiga ofis, sannan ya baje na'urar a bakin ƙofa har aka tashi. Shi Maigadin yana waje yana korar masu ajiye babura a hanya, bai ga wanda ya shiga ofis ta baya ba.

Sai ranar Asabar na kama Mai Gyara a shagonsa, bayan ya yi mini wasan ɓuya yini guda. Shago ne da ba wurin sa ƙafa, matattun wayoyi da rediyoyi har rufi. Yana ganina ya hau kame-kame, wai shi bai san kowa a laburaren ba, shi da na'ura yake hulɗa ba da mutane ba.

"Me ka soka a kwamfutar?"

"Ni? Haba, Anti."

"Ka faɗa mini a nan, ko ka faɗa wa Darakta ranar Litinin a gaban jama'a. Ni duk ɗaya ne a wurina."

Ya share goshi, ya jawo aljihun tebur, ya fito da ɗan ƙaramin filas na adana bayanan kwamfuta. "An hana mu kwafar bayanai, na sani. Amma sau ɗaya na taɓa gyara a wani wuri komai ya goge, aka kusa cinye ni ɗanye. Tun ranar ba na kwance ko ƙusa ɗaya sai na ɗauki kwafi. Ƙarfe sha ɗaya na ɗauka. Don Allah kada ki kai sunana."

Na kusa rungume shi. Ɓarawon da na zo kamawa shi ne ya ajiye mini rumbun yadda yake awa ɗaya kafin a taɓa shi.

A kan bencinsa na buɗe kwamfutata na yi lissafin gaskiya. Katunan nan ɗari da saba'in da bakwai duk na mutane ne masu rai, da adireshi da lambar waya, har da na matar da ke taɓe baki a ƙofa. Sai dai murnata ba ta kai ko'ina ba. Tun ranar Alhamis ƙofa a kulle take. Igiya kuwa ba ta san da bincike ba, kullum tana sauke tsohuwar rana tana rataya wadda ba kowa a cikinta. Yau Asabar lambar gaskiya ta sauko 308. Na tura tagar gaba. Lahadi 304. Litinin 299.

Na kira Darakta nan take.

"Ranka ya daɗe, a buɗe ƙofar nan yau. Kullewar da kuka yi ita ke cinye lambar."

"Ba a buɗe wurin da ake bincike. Kin sa hannu?"

"Ban sa ba, ba kuma zan sa ba."

"Ki tuna wa kike yi wa aiki."

"Na tuna. Shi ya sa."

Ya kashe wayar a kunnena.

* * *

Ranar Lahadi na baje katunan goma sha biyun a kan tabarmar ɗakina, kowanne da takardarsa. Wanda ya yi aikin nan ba wawa ba ne. Ya zaɓi mutanen da kowa ya san kullum suna nan, don kada yawan shigarsu ya ja ido. Maɓallin haɗewa kuma suna yake nema, sai ka rubuta sunan mutum da hannunka. Ke nan daga kansa ya zaɓo su.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gwada kwafin Mai Gyara da abin da ke rumbu yanzu. Malamar lissafi mai ritaya, da ashirin da biyar, yanzu hamsin da shida. Direban da ke karatun jarrabawa, da ashirin da biyu, yanzu hamsin. Haka har goma sha ɗaya. Na goma sha biyu Baba Tela ne. Yanzu talatin da ɗaya, daidai mutumin da ba ya fashi. Na duba kwafin. Sifili.

Na ɗauka kuskurena ne. Na buɗe tagar zuwa shekara guda, sifili. Na buɗe ta har ranar da aka kawo na'urar, shekara goma sha ɗaya. Sifili. Na kira Maigadi na yi masa tambaya ɗaya. Dariyar da ya yi sai da na janye wayar daga kunnena, da ya gama kuma na roƙe shi ya riƙe bakinsa har gobe.

* * *

Litinin ƙarfe uku muka taru a babban zauren. Darakta ya zauna a kujerar Goggo ba tare da an ba shi ba. Goggo ta tsaya, ta ƙi zama a wata. Ga Mataimaki, ga Maigadi, ga Mai Gyara da na sa ya kunna na'urar buga kati don in nuna yadda take aiki. Baba Tela na bakin tagarsa da allura, ko kallonmu bai yi ba. 'Yan unguwa sun manna fuskoki a gilashi daga waje.

Na yi bayanin igiya, na yi na haɗe katuna, na nuna kwafin ba tare da na faɗi daga ina ya fito ba. Darakta ya duba agogo.

"Duk wannan bai wanke ta ba. Wataƙila ita ta haɗe su."

"Sai in yi tambaya ɗaya, kowa ya amsa. Dattijon can na bakin taga, sau nawa ya buga kati a kwana talatin ɗin nan? Mai Gyara?"

"Ni ko sunansa ban sani ba, Anti."

"Mataimaki?"

Ya yi murmushi. "Baba Tela ai ba a tambaya. Kullum ne. Ban taɓa zuwa ban same shi a nan ba. Talatin, ko kusa da haka."

Maigadi ya toshe baki, dariyar ta ƙwace ta hanci. Goggo ma, duk da halin da take ciki, sai da kafaɗarta ta motsa.

"Baba," na ce, "ko za ka nuna mana katinka?"

Dattijon ya ɗago abin da zarensa ke naɗe a jiki. Zare fari da baƙi sun rufe shi ruf, gefe ɗaya kawai ya leƙo, inda tambarin laburare yake.

"Ga shi nan, yana aikin da ya dace da shi," in ji shi. "Ranar da aka kawo ƙarfen can na gaya mata, ni ba buhu ba ne da za a ƙirga ni a bakin ƙofa. Na zo karatu tun ba a haifi wanda ya ƙera shi ba."

Na juya ga Darakta. "Shekara goma sha ɗaya bai taɓa bugawa ba. Goggo ta sani, kullum sai sun yi faɗa a kai. Maigadi ya sani, tare suke shigowa ta gefe. Da ɗayansu ne, ba zai taɓa ɗora shiga talatin da ɗaya a kan katin nan ba. Mai Gyara bai san sunan da zai rubuta ba. Wanda ya yi aikin nan ya san sunan Baba, yana ganinsa kullum a zaune, amma bai taɓa ganin shigowarsa ba. Mutum ne da ba ya isowa sai goma."

"Wannan ai zato ne!" Muryar Mataimaki ta tashi. "Don na makara sai a shafa mini kashin kaji?"

"To ga ƙari. Waɗanda suka fi kowa buga kati a reshen nan ɗaliban safe ne, su tara, takwas suke zuwa su tafi tara da rabi. Ko ɗaya babu a cikin sha biyun. Duk sha biyun masu zaman hantsi ne, kuma duk a teburan da ake hangowa daga gilashin ofis suke zama. Ka zaɓi waɗanda idonka ya sani. In kana so kuma mu aika a kira mai askin."

Bai so ba. Ya zauna a hankali kamar an zare masa laka, ya kalli takalmansa.

"Sau uku na rubuta a mayar da ni hedikwata," ya ce. "Awa biyu zuwa, awa biyu komawa. 'Yata ba ta ganina sai ranar hutu. Aka ce sai in reshen ya daina bukatata. Na ɗauka za a rufe ne kawai a raba mu. Wallahi ban yi nufin a zargi Goggo ba."

"Na yarda," in ji Goggo. "Amma da aka zarge ni, ruwa ka kawo wa mai bincike."

Ya rufe fuska da tafin hannu. Na ji tausayinsa kaɗan, ba zan ɓoye ba, amma kaɗan ɗin ne.

* * *

Darakta ya gyara murya. Ya ce za a ɗauki mataki a kan Mataimaki, ya ce an janye zargin da ke kan shugabar reshe, bai dai iya kallon inda take ba. Sannan ya ce in mayar da bayanan gaskiya in yi ƙidayar yau, tunda don ita aka zo.

Na mayar. Na rubuta tambayar da na rubuta sau dubu, duk da na san amsar tun shekaranjiya. Ta fito.

"Karanta mini, Kunnen Ƙashi," in ji Goggo a hankali.

"Ɗari biyu da casa'in da tara."

"To," in ji Darakta, har da ɗan sakin fuska. "Ba laifin kowa ba ne. Doka ce."

"Laifin kwadon da ka sa ne!" Ban san na miƙe ba. "Ranar Alhamis ɗari uku da sha bakwai ne. Kwana biyar ka hana mutane shiga, sannan ka zo ka ƙirga waɗanda ba su shigo ba?"

"Dokar ba ta ce a cire kwanakin bincike ba. Ki sa hannu ko kada ki sa, lambar ta riga ta faɗa."

Maigadi ya matso kunnena yana raɗa, wai ai ni ke riƙe da kwamfutar, in ƙara mana, mutum ɗaya ne fa. Goggo ta ji shi, kunnenta bai tsufa ba.

"Kul," ta ce. "In ta ƙara ko ɗigo, ni zan fara kai ƙararta. Gara a rufe shi da gaskiyarsa."

Huɗu saura minti takwas. Katunan ma'aikata ba sa shiga lissafi. Waɗanda ke waje an hana su shigowa, akasarinsu ma an riga an ƙirga su. Na san saura mutum ɗaya a duniya, tun jiya na sani, amma ban kalli wajen taga ba. Shekara goma sha ɗaya mutum yana riƙe da maganarsa, ba ni zan yi masa wannan cin fuskar ba.

Sai muka ji ƙarar kujera. Baba Tela ya soke allurarsa a hula, ya miƙe, ya fara warware zaren. Bai yi sauri ba. Fari ya ƙare, ya shiga baƙi, yana naɗe shi a yatsu biyu yana tafiya, har ya isa gaban na'urar.

"Malam, ƙofa a rufe take," in ji Darakta. "Ba a shiga yau."

"Ni a ciki nake, yaro. Tun bakwai da rabi." Ya juya katin gaba da baya. "Ta ina ake cusa abin nan?"

Mai Gyara ya yi tsalle ya nuna masa. Na'urar ta yi ƙit, koren haske ya kama. Na sake tura tambayar, ban jira an ce in karanta ba.

"Ɗari uku, Goggo. Cif." Na juya kwamfutar ta fuskanci Darakta. "Doka ta ce wanda ya gaza ɗari uku. Wannan rahoton zan sa wa hannu, ranka ya daɗe, in ka ba ni biro."

Bai ba ni ba, nawa na ciro. A waje aka kaure da ihu, har da mai kanti, marar kunya. Goggo ta nufi wajen ƙofa. Ta laluba aljihu ta fito da alli, ta ce wa Maigadi ya cire mata kwadon nan daga ƙofa tana da rubutu.

Baba Tela ya koma kujerarsa, ya ɗora katin a gwiwa, ya fara mayar da zarensa, baƙin tukuna sannan farin.

"Ke mai igiya," ya ce, bai ɗago ba. "Kwana nawa wannan bugun zai yi a rataye?"

"Talatin, Baba."

"To kwana talatin na ba ku. Ku je ku nemo mutanenku, don ni ba zan sake ba."